Fad Ɗin Da Ba A Jona Ba

Akwai wani tela da 'yan gidansu ke kira Auta, abokansa na gem, wato wasan bidiyo, kuma suna ce masa Farfesa. Ba a wata jami'a ya koyar ba. Sunan ya bi shi ne saboda in aka kuskura aka taɓo zancen gem a gabansa, wanda ya zo karɓar ɗinki sai dai ya nemi kujera ya zauna, don lacca ta fara ke nan.

Shagonsa ɗan ƙarami ne: keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga a lungu, sai wata fanka mai juya kai da ke watsa masa ƙyallaye duk sanda ta waiwayo. Yana da hannu a ɗinki, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Amma kowa ya san rabin hankalinsa ne kawai ke kan allura. Ɗaya rabin yana wurin wani tsohon gem da ake kira Mai Fitila.

Gem ɗin ba shi da wani dogon labari. Wani ɗan mutum ne ke hawan dutse riƙe da fitila, iska na neman kashe ta, ƙasa na zaftarewa a ƙarƙashinsa. Da hannun hagu kake tuƙa shi, da na dama kake sa shi tsalle ko ka sa ya kare wutar da tafinsa. In fitila ta mutu, ka koma baya. In ka sha wuya ka kai ƙololuwa, sai ka tarar da wata ƙatuwar ƙofa, ta fara buɗewa, haske ya leƙo, allon talabijin ya yi baƙi. Shi ke nan, gem ya ƙare.

Shekara da shekaru masoyansa ke jiran kashi na biyu don su ga abin da ke bayan ƙofar nan. Wasu sun yi aure sun haihu a cikin jiran. Auta kuwa ya mayar da jiran sana'arsa ta biyu.

Wanda ya fara nuna masa gem ɗin shi ne babban wansu, direban motar raba burodi, wanda kowa a gidan ke kira Yaya. Tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce. Lokacin da Yaya ya kawo na'urar gem ɗin gida, Auta ko hancinsa bai iya sharewa ba, amma kullum yana maƙale da ƙafar Yaya yana kukan sai an ba shi ya buga.

Sai Yaya ya yi masa dabarar da duk mai ƙani ya sani. Ya miƙa masa fad na biyu, wato abin dannawar nan, ya tura bakin wayarsa ƙarƙashin kafet ba tare da ya jona ba. Auta ya zauna yana ta danne-danne, harshe a waje, Yaya na buga abinsa yana cewa, “Kai, Auta ya iya tsalle.” Yaron ya daɗe yana shela a unguwa cewa shi ya haye da Mai Fitila gadar igiya. Da ya yi wayo ya gane, ya yi fushinsa ya gama, labarin ya zama abin dariya a gidan.

Da ya girma ya zarce Yaya nesa ba kusa ba. Yatsun da suka saba da allura ba su da wasa. Daga nan kai ya fara kumbura.

Suna da guruf a waya na masoya Mai Fitila. Ba Auta ne admin ba, amma admin ɗin ma lallaɓa shi yake yi. Yana da ra'ayi a kan komai. In za a yi na biyu, kada a kuskura a sa Mai Fitila ya yi magana, shirunsa ne kwarjininsa. Kada a sa taswira. Kiɗan nan na kan gadar igiya dole ya dawo, in aka canza shi an ci amana. Abin da ke bayan ƙofa kuma teku ne, ya rantse ya jiyo ƙarar igiyar ruwa kafin allo ya yi baƙi. Duk wanda ya ce bai ji ba, Farfesa zai ce ya je a wanke masa kunne.

Gaskiya wasu ra'ayoyin nasa suna da ma'ana, don son gem ɗin yake yi har zuciya. Matsalarsa ɗaya ce, bai yarda wani ma yana da damar son sa ta wata hanyar ba.

Rannan sai ga labari cewa masu gem ɗin sun fara aikin kashi na biyu, har suna neman jin abin da masoya ke so a saka. Guruf ya rikice. Admin ya ce kowa ya faɗi nasa, zai tattara ya aika. Wani ya ce a ba Mai Fitila kare ya riƙa raka shi. Wata ta ce ita dai a bari mutum ya zaɓi mace ta riƙe fitilar. Wani ya ce a sa kwalekwale, Auta ya ce ai ga shi nan, ko wannan ya san teku ne.

Can sai wani da ba ya cika magana ba, mai amfani da sunan Ɗan Hagu, ya rubuta nasa a taƙaice. Ya ce shi fatansa a saka tsarin da mutum zai iya bugawa da hannu ɗaya, a kuma ba da zaɓin rage saurin iska ga wanda yake so.

Auta na cikin guga ya gani. Ya jingine dutsen ya kama waya da hannu biyu.

“Malam, gem ba asibiti ba ne,” ya rubuta. “Wuyar ita ce daɗin. Yau an yi na hannu ɗaya, gobe wani ya ce a yi masa na hanci. Wanda bai iya ba ya koma gefe ya kalli waɗanda suka iya.”

Aka yi ta turo fuskokin dariya. Auta ya ji daɗi, har da karanta wa wani da ya kawo ɗaurin maɓalli. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyar Ɗan Hagu a guruf ba. Ita magana zarar bunu ce, amma mai zarar ba ya ganin ramin da ya bari.

Ba a daɗe da wannan ba, wata safiya Auta na tsakiyar yanka yadi wayarsa ta yi ƙara. Matar Yaya ce, wadda yake kira Anti. Ta ce ya zo asibiti, Yaya ya faɗi wajen loda burodi a mota.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya yi da sauran kwana, aka sallamo shi, amma ɓarin dama ya tafi hutu. Ƙafar tana ja, hannun yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, magana kuma sai ya yi kokawa da kowace kalma kafin ta fito, in ta fito ma a karkace.

Mutumin da in yana gida ba a jin muryar kowa sai tasa, mai tsokanar yara da manya, wanda masu shaguna ke gane isowarsa tun daga hon, sai ya zama bebe da gangan. In 'yan dubiya suka zo ya juya fuska bango. In abokan aikinsa suka kira ya ture wayar da hannun hagu. Tun ranar da ya nemi ruwa wani yaron maƙwabta ya yi dariyar yadda ya faɗa, ya kulle bakinsa. Sai ɗaga kai da girgiza kai.

Anti ta tare Auta a bakin kicin ta ce masa ita ba hannun ne ke hana ta sukuni ba, likita ya ce da motsa jiki ana samun sauƙi. Shirun ne ke ba ta tsoro. Ta ce mijinta na zaune a falo amma ji take kamar kullum ana rage mata shi.

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Yana son yayan nan nasa fiye da yadda ya taɓa faɗa, don shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya ɗauko masa keken farko a bayan motar burodi. Ya yi ta tunanin abin da zai dawo masa da fara'a, har dabara ta faɗo masa, ya ji kamar ya yi wa kansa tafi.

Ranar hutu da hantsi ya zo da tsohuwar na'urar a cikin jakar yadi. Ya goge mata ƙura, ya haɗa da talabijin ɗin falo. Da kiɗan farkon gem ɗin ya tashi, Yaya ya ɗago kai. Auta ya ga wani abu ya motsa a idonsa wanda rabon da a gan shi tun kafin asibiti.

Ya ɗora masa fad a kan matashi bisa cinyarsa, ya ce ai an gano wata hanya da ake bugawa da hannu ɗaya, shi dai ya tuƙa, tsallen da kansa yake zuwa. Ya faki idonsa ya tura bakin wayar ƙarƙashin kafet. Shi kuma ya zagaya bayan kujera ya zauna a ƙasa da ɗaya fad ɗin, wanda aka jona, wai zai huta bayansa.

Yaya ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan sitiyarin hagu ya tura. Mai Fitila ya taka. Ya tura dama, ya yi dama. Auta na leƙen yatsan ta gefen kujera yana bin sa sau da ƙafa. Aka zo rami, Mai Fitila ya yi tsalle ya dira lafiya. Gefen bakin Yaya mai lafiya ya ɗaga. Anti na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta toshe baki da gefen mayafinta.

Da Auta ya tsaya a nan, wataƙila da asiri ya rufu. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Da aka shiga wurin da duwatsu ke gangarowa, jinin Farfesa ya motsa. Ya manta da yatsan da yake bi, idonsa ya koma kan allo. Mai Fitila ya shiga zilliya, yana kauce wa wannan yana tsallake wancan, ko gezau wutar ba ta yi ba.

Bai san lokacin da Yaya ya ɗauke hannunsa daga kan fad ba. Sai da ya ji falon ya yi wani irin shiru ya leƙo. Hannun Yaya na kan hannun kujera, fad na zaune shi kaɗai a kan matashi, Mai Fitila kuwa sai sharara gudu yake yi a allo.

Yaya ya sunkuya da ƙyar, ya kama wayar fad ɗin ya ja a hankali. Bakinta ya fito daga ƙarƙashin kafet yana lilo. Ya daɗe yana kallonsa. Wanda ya riga ka kwana ai dole ya riga ka tashi, shi ya ƙirƙiro dabarar nan a gidan.

Ya buɗe baki, maganarsa ta farko cikin makonni, kowace kalma da nata nauyin.

“Ni... ba... yaro... ba ne.”

Ya miƙa hannu ga sandarsa. Auta ya zabura zai tallafe shi, ya girgiza kai. Shi kaɗai ya ja ƙafa har ɗaki ya tura ƙofa.

Anti ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi ta san alheri ya nufa, amma garin neman gira ya taɓa ido. Ta ce ya bar na'urar a nan, ya ba shi kwana biyu.

Satin nan Auta ya ɗinka wa wani hannun riga a baibai, ya ƙona wuyan wata da dutsen guga. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka hana shi sakat. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ga Yaya ya yi murmushi, kuma shi da hannunsa ya mayar da murmushin abin kunya.

Wata rana da azahar, shago ba kowa, ya buɗe guruf don ya rage zafi. Ana ta musu a kan ko za a dawo da gadar igiya. Yana ja sama yana ja sama, sai ya ci karo da rubutunsa. Gem ba asibiti ba ne. Wanda bai iya ba ya koma gefe ya kalli waɗanda suka iya. Ga fuskokin dariya jere a ƙasa. Ya karanta, ya tuno Yaya zaune da hannu a cinya, sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi.

Ya duba, Ɗan Hagu bai fita daga guruf ɗin ba. Ya rubuta masa saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Ƙarshe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya danna kira.

Muryar dattijo ce ta amsa, da ƙarar injina a bayanta. Auta ya gabatar da kansa, yana jiran a kashe waya. Mutumin ya yi 'yar dariya ya ce, “A'a, Farfesa da kansa? Allah ya sa ba na hanci aka fito da shi ba.”

Auta ya rasa inda zai sa kansa. Ya ba da haƙuri, ya sake bayarwa, sannan ya kwashe labarin Yaya kaf ya faɗa masa, har da wayar ƙarƙashin kafet. Bai rage komai don ya kare kansa ba.

Ɗan Hagu ya saurara har ƙarshe. Ya ce maganar ta yi masa zafi a lokacin, ba zai ɓoye ba, amma ta wuce. Ya ce injin yankan katako ne ya tafi da hannunsa na dama yana saurayi, yanzu shi ke kula da sito a wurin. Abin da ya fi ƙona masa rai a farkon lamarin ba rashin hannun ba ne, yadda kowa ke rige-rigen yi masa abu ne kafin ya gwada. Har maɓallin riga ba a bari ya yi fama da shi.

Auta ya tambaye shi to yaya yake buga Mai Fitila, gem ɗin da sai da hannu biyu.

“Da hannu biyu nake bugawa mana,” in ji shi. “Ɗaya nawa, ɗaya na 'yata. Fad ɗaya muke riƙewa, ni hagu ita dama. Ni ke tuƙi, ita ke tsalle. Mun kai ƙofar nan tare, ta yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo. Yanzu ta tafi makaranta nesa, shi ya sa ka ga na roƙi na hannu ɗaya.”



Kafin su yi sallama dattijon ya ja masa kunne. Ya ce in za su gwada, to ya sani za su faɗi, su sake faɗuwa, kuma kada ya kuskura yatsansa ya tsallaka ɓangaren yayansa ko da ya ga rami a gabansu. In yayan ya tuƙa su cikin ramin, su faɗa tare. Ya ce faɗuwar da mutum ya yi da hannunsa ta fi masa daɗi a kan nasarar da aka yi masa.

Ranar hutu ta zagayo, Auta ya koma gidan. Yaya na falo yana kallon taga. Ya gaishe shi, aka amsa da ka. Bai yi wani dogon bayani ba. Ya durƙusa ya ce, “Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini.” Sannan ya ɗauko fad ɗaya tak, ya ɗaga bakin wayar sama yadda Yaya zai gani da kyau, ya jona a gabansa. Ɗaya fad ɗin kuma ya miƙa wa Anti ya ce ta kai kicin ta ajiye.

Ya jawo kujerar roba ya zauna a damar Yaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ya ɗora fad a kan matashi tsakaninsu, ya riƙe ɓangaren dama, ya bar na hagu.

“Ni ba ni da sitiyari,” ya ce. “In ba ka tuƙa ba, nan za mu wuni.”

Mai Fitila na tsaye a gindin dutse, wutarsa na kaɗawa. Aka daɗe a haka. Auta ya ƙudurta ko zuwa magariba ne ba zai motsa ba, shi da ko layin burodi ba ya iya jira. Can Yaya ya ɗago hannu ya ɗora. Bai tura gaba ba. Ya juya ɗan mutumin hagu, ya tsaya. Ya juya shi dama, ya tsaya. Ya ɗauke yatsa ya zuba wa allo ido, Mai Fitila ya tsaya cak. Sai da ya tabbatar, sannan ya tura.

Ramin farko suka faɗa, don Auta ya yi tsalle tun ba a iso ba. Suka sake, ya makara. Suka sake, Yaya ya kauce hanya suka zurma ta gefe. Auta na ganin kuskuren tun daga nesa, babban yatsansa na ƙaiƙayi kamar ya miƙa ya gyara, ya cije. Mutumin da ke gama gem ɗin nan ba tare da fitila ta mutu ba, yau ga shi ya kasa wuce inda yara ke wucewa.

A faɗuwa ta ban san adadi ba, Yaya ya yi tsaki.

“Ga... garaje,” ya ce. “Jira.”

Suka sake tunkarar ramin. Yaya ya rage gudu kamar mai shiga kwana da lodi, ya daidaita, sannan ya ce, “Yanzu.” Auta ya danna. Suka dira a ɗaya gefen.

Daga nan falon ya cika da “yanzu” da “jira” da “kare wuta”. Gem ɗin ba ya jiran mai jin kunya, in Yaya bai yi magana ba fitila mutuwa take yi, don haka ya yi ta yi, a karkace ko a miƙe, har ya manta yana jin nauyin bakinsa. Da Auta ya danna tsalle maimakon kare wuta iska ta hure fitilar, Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Wai... Farfesa.” Ya fashe da dariya har da tari. Anti ta juya ta koma kicin da sauri, wai albasa ce ta shiga mata ido.

Ba su kai ko'ina ba ranar, kuma ba wanda ya damu. Auta ya mayar da abin al'ada, kullum in ya rufe shago da la'asar sai ya biya. Hannun dama bai tashi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma Yaya ya koma amsa gaisuwa da baki, ya koma yi wa Anti ƙorafin gishiri, ya yarda ana kai shi wurin motsa jiki ba tare da an yi ta lallashi ba. Waya ce dai har lokacin ba ya karɓa. 'Yan gida sun saba da maganarsa, na waje ne ba ya so su ji.

Auta ya koma guruf ya rubuta a gaban kowa cewa maganar da ya yi wa Ɗan Hagu ta rashin hankali ce, ya janye ta, kuma a sa buƙatar Ɗan Hagu a sahun farko. Ya ƙara da cewa amma maganar teku tana nan daram. Wani ya tambaya ko an sace wayar Farfesa ne.

Ranar da suka haye gadar igiya, bayan sun sha faɗuwa a kanta har Anti ta haddace kiɗan, suka jingina da kujera suna haki kamar da ƙafarsu suka hau. Wayar Auta ta yi ƙara. Admin ne ke cewa yau zai rufe karɓar ra'ayi, wanda bai faɗi nasa ba ya hanzarta. Auta ya karanta wa Yaya, ya shiga ba shi labarin masu son kare da masu son kwalekwale. Sannan ya ce in yana da nasa ya faɗa, zai rubuta masa.

Yaya ya dubi allo, inda Mai Fitila ke tsaye a ƙarshen gada. Ya miƙo hannun hagu.

“Kawo.”

Auta ya ɗauka karantawa zai yi. Sai ya ga ya ɗora babban yatsa a kan alamar ɗaukar murya ya danne. Guruf ne mai mutane da yawa, ba wanda ya san shi a ciki. Auta ya buɗe baki zai ce ko a bari ya rubuta, ya tuna gargaɗin Ɗan Hagu, ya rufe.

Yaya ya yi sallama, ta fito a karkace, bai tsaya ba.

“Ni ne... yayan Farfesa. Ni ke... tuƙa shi.” Ya numfasa. “A na biyu... a sa benci. Bawan Allahn nan... tun muna yara... yake hawa. Ba wanda ya ce masa... zauna ka huta.”

Ya ɗan dakata, yatsansa na kan waya, ya dubi ƙaninsa.

“Mai faɗi. Na... mutum biyu.”

Ya saki, saƙon ya tafi. Auta ya sunkuyar da kai yana goge ido da bakin riga, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Kafin ya ɗago amsa ta fara shigowa, ta farko daga Ɗan Hagu: “Na goyi bayan benci. Direba, barka da zuwa.”

Yaya ya sa aka karanta masa har sau biyu. Sannan ya ajiye wayar, ya mayar da hannu kan fad, ya zunguri Auta da kafaɗa.

“Kama,” ya ce. “Da saura.”

Darasi: Kada ka raina buƙatar wani don kai ba ka da ita yau, lafiya aro ce, ba ka san ranar da za ka nemi abin da ka yi wa dariya ba. In kuma naka ya gaza, kada ka karɓe masa rayuwarsa da sunan tausayi. Riƙe ɓangaren da ya kasa, ka bar masa nasa ya tuƙa, ko da za ku faɗi tare. In labarin nan ya tuna maka da wani, tura masa, ka kuma yaɗa shi ga 'yan'uwa da abokai don wani ya amfana.